Karen Ayari da Tsohuwar Barmu

Ni mutum ce mai mantuwa. Nakan manta inda na ajiye makulli, nakan manta tukunya a kan wuta, har sunan ɗiyar aminiyata na taɓa mantawa ban je ba. Amma akwai wata Lahadi ta farkon damina, lokacin ina ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, a nan Tawa, wadda ko kaina aka wanke da sabulu ba za ta fita ba. Ranar ce na tsaya a ƙofar gidanmu na hana limamin unguwa yin sallama, saboda wani jirgin ruwa na yaƙi da aka yayyanka tun kafin a haifi babana.

Kakanmu na wajen uba, wanda duk gida muke ce wa Baba Tsoho, yana cikin mazan jiya. Tun yana saurayi Nasara suka ɗauke shi, zamanin yaƙinsu da Jamus. Yawancin waɗanda aka ɗauka daga ƙasarmu ta Adar sojan ƙasa suka yi. Shi kuwa, mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce tabki ba, cikin jirgin ruwa aka jefa shi. Ba ƙaton jirgi ba ne, in ji shi. Siriri ne, dogo, launin toka, da bindigogi gaba da baya, ga gudun tsiya. Aikinsa rakiyar manyan jiragen kaya, yana zagaya su yana sansano abokin gaba da ke laɓe ƙarƙashin ruwa. Sunan da Nasara suka sa masa ba ya juyuwa a bakin Baba, don haka ya raɗa masa nasa: Karen Ayari.

Matsalar ita ce yadda Baba yake ba da labarin. Tun da hawan jini ya taɓa kayar da shi, labarin ya koma masa kamar hadda. Daga farko yake ɗauko shi, a jere yake tafiya, ba ya tsallake ko tasha guda. In aka katse shi, ba ya iya ci gaba daga inda ya tsaya, sai ya koma farkon sura. Gidanmu kuwa yana bakin hanyar kasuwa, ba ya rabuwa da baƙi, kuma Baba mutum ne da ba a yi masa sallama ya amsa da ka. Sai ya tambayi gida, da iyali, da bisashe, da ruwa, da ƙafar da ta yi wa mutum ciwo bara. In baƙo ya tafi sai ya juyo ya ce, "To, ina munka tsaya? Bari in ɗauko daga hwarko."

Saboda haka kowa a gidan ya haddace farkon. "Mu biyu anka ɗauka rana guda, ni da wani dogo na Barmu mai yatsa shida." Muna yara har bin bakinsa muke yi. Mun san tafiyar ƙasa, mun san motar da ta mutu da su a daji, mun san jirgin ƙasa, mun san Dakar da yadda suka yi ta amai kwana da kwanaki da jirgin ya fita teku. Daga nan babu wanda ya san abin da ya biyo baya. Wana ya taɓa rantsuwa cewa shi ya kai har inda aka harba bindiga, babu wanda ya yarda.

Ni ce na fi kowa gudun labarin. Ba ni da haƙurin zama, kuma ba na iya ɓoye abin da ke bakina. In na zo wucewa sai ya ce, "Amarya, zo ki zamna in ba ki labari."

In ce, "Tsoho, jirgin naka ya bar Dakar, ko yana can kuna amai?"

"Ja'ira! Wa zai aure ki da wanga baki?"

"Kai mana. Ai kai kaɗai ne ba ka ji sosai."

Sai ya yi dariya har hularsa ta zame. Haka muke.

Wata Asabar sai ga goggonmu, ƙanwar babana da ke aure a Barmu, ta iso da wata tsohuwa doguwa siririya, wadda ba mu taɓa gani ba. Ashe a wani gidan biki goggo ta shiga kwaikwayon Baba Tsoho don ta ba mata dariya. Tana cewa "dogo na Barmu mai yatsa shida," sai wannan tsohuwa ta saki ƙwaryar da ke hannunta.

Ina wanke-wanke na ji tsohuwar tana yi wa innarmu bayani, da murya shimfiɗaɗɗiya kamar mai ba da labarin wani. Tana cikin uwarta aka tafi da ubanta. Ba a sake jin ɗuriyarsa ba. In Nasara sun aiko da saƙo, bai iso ba. Da yunwa ta zo, uwarta ta ɗauke ta suka gangara kudu, suka yi shekaru kafin su dawo. A ƙasarmu kuwa kowa ya san mazan da kan tafi bakin teku su sami mata can, su manta hanyar gida. Da haka aka yi ta faɗi a gari, cewa dogon nan ma ya bi duniya. Uwarta ta mutu ba ta san ko ita mai takaba ce ko yasasshiya ba. Ita kuma ta girma ana ce mata ɗiyar wanda ya gudu, har ta yi jikoki ana tuna mata in faɗa ya haɗa ta da wata.

Ta ce, "Abu biyu nika so in ji, ba uku ba. Gudu yay yi, ko mutuwa? In mutuwa ce, an yi mai salla?"

Ta miƙa hannun hagu tana gyara kallabi, na ga wani ɗan tsiro a gefen ƙaramin yatsanta, inda aka ɗaure cindo tana jaririya.

Babana ya ɗauka abin mai sauƙi ne. Ya durƙusa gaban Baba ya ce, "Baba, dogon nan na Barmu, mi ya same shi daga baya?" Baba ya dube shi ya ce, "Za mu zo wurin. Mu biyu anka ɗauka rana guda..." Ranar nan sau nawa aka fara, ban ƙirga ba. Ana cikin jirgin ƙasa mai wanki ya yi sallama. Ana Dakar wani ya zo gaisuwa. Kafin la'asar numfashin Baba ya soma sama-sama, aka kwantar da shi. Makwabciyarmu ma'aikaciyar asibiti ta leƙo ta yi wa babana faɗa, ta ce zuciyar tsohon ba ta da sauran ƙarfin da za a riƙa wasa da shi, in za a yi, a yi sau ɗaya a bar shi ya huta. Da maraice kuma aka bugo waya daga Barmu cewa an yi ruwan shuka. Tsohuwa ta ce gobe bayan la'asar za ta bi motar kasuwa, gona ba ta jira, kuma ba za ta kashe musu tsoho da tambaya ba.

Gobe kuwa Lahadi ce, ranar kasuwar Tawa, ranar da duk danginmu na Affala da ƙauyuka suke sauke kayansu a zaurenmu. Da safe aka tsaya shawara a tsakar gida. Goggo ta ce a rufe ƙofa. Innarmu ta ce gidan da aka rufe ranar kasuwa cewa za a yi an yi mutuwa, sai ma a fi cika. Goggo ta ce to wani ya tsaya ya mai da mutane. Babana ya ce, "Ni in ce ma baƙo kada shi yi sallama? Da wane baki?"

Innarmu ta juyo ta dube ni. Kowa ya juyo ya dube ni.

Ta ce, "Ga mai bakin nan tsaye."

Tun da nake ba a taɓa neman halina da wani amfani ba sai ranar. Na ɗauki ƙwarya na bi kowa na karɓe wayarsa, har ta babana, na kai ɗaki na danne da bargo. Na kora yara gidan makwabta. Na ja akuya na ɗaure bayan gida. Aka shimfiɗa wa Baba tabarma a rumfar da ke jikin bangon zaure, tsohuwa ta zauna gabansa, goggo a gefe. Ni kuma na ja kujera na zauna cikin zaure, ido a titi, kunne a rumfa.

"Mu biyu anka ɗauka rana guda..."

Mai nono ce ta fara zuwa. Tun daga nesa na tare ta, na ɗora yatsa a baki, na saye nonon da ba mu buƙata. Sai kawunmu na Affala da tunkiya a igiya, ya buɗe baki ke nan na ce, "Kawu, yau ba a sallama. Ajiye kayanka a hankali ka tafi kasuwa, in ka dawo ka zage ni." Ya tsaya yana kallona kamar na tuɓe. Ya ce, "Tarbiyyar makarantar lakwal ɗin ke nan?" Na ce, "Ita ce." Ya tafi yana girgiza kai. Wani ɗan kabu-kabu ya tsaya daidai ƙofa yana danna oda, na fito masa da muciya, bai jira bayani ba.

A rumfa kuwa an wuce jirgin ƙasa, an iso Dakar, an yi aman. Sai na ji Baba ya ja numfashi ya shiga wurin da ban taɓa ji ba. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, kamar mutum ya buɗe wata ƙofa a ɗakin da ya girma ciki.

Ya ce shi a ɗakin wuta aka sa shi, can ƙarƙashi, inda ake dafa ruwa ya zama tururin da ke tura jirgi. Zafin wurin ya fi na watan bazara a kan fako. Dogo kuwa, da yake yana da tsawo da ƙarfin hannu, aka sa shi miƙa harsashi ga babbar bindigar baya, kowane harsashi kamar ɗan akuya. Ya ce jiragen kaya tafiyar raƙuma suke yi, a jere, a hankali, Karen Ayari kuwa ba ya zama. Ya yi gaba, ya dawo baya, ya kewaya. Akwai wani Banasare da ke zaune da abin sauraro a kunne, in ya ji motsi ƙarƙashin ruwa sai a buga ƙararrawa, a ruga wurin, a mirgina ganguna masu albarushi cikin teku. In suka fashe, ruwa ya tashi ya fi rimi, kifaye su taso fari fat. Sau da yawa ba su san ko sun sami wani abu ba. Sun raka ayari zuwa arewa, sun dawo da wani, sun sake komawa. Wata rana sun tsamo mutanen wani jirgi da aka nutsar, jikinsu duk baƙin mai, ba ka gane Banasare da baƙin mutum sai an wanke. Wata rana igiyar ruwa ta fasa musu gaba, suka yi wata da watanni a tasha ana ƙira da walda.

Ni da nake cewa labarin tsoho ne, sai ga ni na karkata har kujera tana neman kifewa.

Ya ce, "Dogo kullum shina duban wata. Ya ce mini ya baro matatai da ciki. In wata ya tsaya sai shi ɗaure ƙulli ga igiyar wandonai. Ran nan yac ce, lissahina ya cika, an haihu. Da kwana bakwai tac cika, sai ga shi da sukari. Ashe tun tuni ba shi sha, rabonai shika tarawa cikin gwangwani. Yab bi mu ɗaya ɗaya, mu Musulmin jirgin, har da kuku, shina zuba muna ga tahin hannu. Yac ce yau suna gidana. Munka ce namiji ko mace? Yac ce Allah ya sani, ku dai ku sha ku yi addu'a."

Na ji wani sauti ya fito daga maƙogwaron tsohuwa. Na leƙa da sauri. Goggo ta riƙe mata gwiwa, ita kuma ta cusa bakin zanenta a baki ta cije. Ta san in ta yi kuka ya tambaye ta lafiya, an koma ranar da aka ɗauke su. Baba bai lura ba, idonsa yana can kan bango. Ya ci gaba.

Ina komawa kujera na hango liman.

Kowace Lahadi yakan biyo ya gaida Baba kafin azahar, kuma duk shawararmu ta safe babu wanda ya tuna da shi. Dattijo ne mai kwarjini, shi ya raɗa mini suna, kuma muryarsa ko babu lasifika tana kai ƙarshen unguwa. Yana tafe da sandarsa a hankali. Na duba cikin gida, babana ya hango shi ta ƙofa, ya dafe kai, ya shige ɗaki. Namiji ke nan.

Na fita da gudu ba takalmi, na durƙusa gabansa a tsakiyar titi. Na ga ya cika ƙirji zai yi sallama, na ce, "Malam, don Allah kada ka yi."

Ya tsaya da baki buɗe. "Kada in yi mi?"

"Sallama."

"Ke ɗiyar nan, lahiyarki? Sallama ce za a hana ni, a ƙohwar Musulmi?"

Mutanen da ke wucewa kasuwa suka fara rage tafiya. Na san kafin magariba labarin zai kai gidan saurayin da ke nemana a lokacin, da ƙari. Amma na riga na fara. Na faɗa masa komai a tsaye, ba kwana: tsohuwa, da cindo, da motar la'asar, da abin da ma'aikaciyar asibiti ta ce. Na ce, "Malam, in ka yi sallama sai ya tambaye ka ƙafarka ta bara, shi ke nan matar nan ta koma gida ba ta ji ba."

Ya shafa gemu. Sai ya ce, "Ina anka kai?"

"Sun wuce suna. Ana gyaran jirgi."

"An wuce Dakar?" Ya zaro ido. "Shekara nawa ina zuwa gidan ga, ban taɓa wuce Dakar ba."

Ya tuɓe takalmansa ya riƙe a hannu, ya bi ni cikin zaure a kan yatsu, ya zauna a kujerata. Ni na zauna ƙasa. Daga nan aikina ya yi sauƙi. Duk wanda ya leƙo ya ga liman da yatsa a baki, sai ya juya da kansa.

Baba ya fito da jirgi daga gyara. Suka koma rakiya, wannan karon a wani teku mai ƙasa kusa, inda abin tsoro daga sama yake zuwa. Muryarsa ta soma dushewa, yana tsayawa yana haki, goggo tana miƙa masa ruwa ba tare da ta ce uffan ba. Sai na ga liman ya dubi inuwar bango a titi, ya dube ni. Na gane. Masallaci yana bayan gidanmu, lasifikarsa tana kallon rumfar. In aka kira azahar, Baba zai nemi buta ko da a tsakiyar kalma yake.

Liman ya miƙe. Ya raɗa mini, "Lokacin azahar shina da hwaɗi. Bari in je in riƙe ladan da hira. Ke kuma ki saurara da kyau, ke za ki ba ni sauran." Ya ɗauki takalmansa ya fita.

Abin da ya biyo baya na ji shi da kunnena.

Ya ce da hantsi ne, jiragen sama suka fito daga cikin rana. Shi yana ƙasa, bai gani ba, ya dai ji jirgin yana karkata dama da hagu, bindigogi suna ta tashi. Bam bai faɗa musu ba, gefe ya faɗa cikin ruwa, amma ƙarafan da suka watsu sun share bayan jirgin. Da aka yi shiru aka kira shi sama, don an san ƙasarsu ɗaya. Ya tarar da Dogo kwance gefen bindiga, da harsashi rungume a ƙirji, bai sake shi ba.

"Nit tallabe kainai. Nic ce mai kalmar shahada, yab bi ni. Sau biyu yab bi ni. Na ukku ni kaɗai niy yi."

Sai Baba ya tsaya. Tsohuwa ba ta motsa ba. Ni kuwa tambayar tana nan a kan harshena tana ƙuna: to, sallar fa? Na san halina, na san saura kaɗan ta kuɓuce. Na naɗe bakin mayafina na cusa a baki na cije, kamar yadda na ga ta yi. Ban taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba. Har kukan awaki daga kasuwa ina ji.

Can ya ci gaba da kansa. Ya ce al'adar jirgi ita ce a ɗinke mamaci cikin tamfol da ƙarfe a ƙafa a sa shi teku, don babu inda za a ajiye shi. Su Musulmin suka je wurin kumandan suka ce ba a sa namu haka. Ruwan daɗi kuwa a jirgi awo ne, kowa da ɗan gwangwaninsa na yini, kuma ba su so su wanke shi da ruwan gishiri. Sai kowannensu ya juye rabonsa a bokiti guda, har wani Banasare da suke bindiga ɗaya da Dogo ya zo ya juye nasa. Da shi suka yi masa wanka. Kuku ya kawo farin zanen gado sabo daga ɗakin manya, aka yi likkafani. Suka tambayi mai tuƙi ina gabas, ya duba abin duba hanya ya nuna musu da hannu. Jirgi ba ya tsayawa a wurin nan, wanda ya tsaya ya zama nama, amma kumandan ya sa aka rage gudu.

"Ni niy yi allo cikinsu, ni anka turo gaba. Munka yi sahu bayan jirgi. Kabbara huɗu, ban rage ko guda ba. Munka sa shi bisa ɓarin dama, huska gabas, munka sake shi a hankali. Ran nan da ƙishirwa munka kwana, ba wanda yay yi ƙorahi."

Ko a nan bai tsaya ba, kuma babu wanda ya tsayar da shi. Ya kai jirgin har ƙarshen yaƙi. Ya faɗi yadda aka cire masa wasu bindigogi ya koma jigilar sojoji masu komawa gida, yadda daga baya aka ɗaure shi a tasha yara masu koyon aikin ruwa suna hawa suna sauka, har ranar da aka sallame su, aka ce an sayar da shi ga masu yankan ƙarfe. Ya ce ya ga an ja shi da igiya kamar tsohon sa za a kai mahauta. Ya dawo gida, ya je Barmu da ƙafarsa, aka ce masa iyalin sun yi kudu tun shekarar yunwa, babu wanda ya san garin.

"Nid dawo da saƙona. Shi nika ta hwaɗi, ko Allah shi sa wani ya ji." Ya sauke ido daga bango, ya dubi matar da ke gabansa kamar yanzu ta shigo. "Baiwar Allah, daga ina?"

Ta cire zanen daga bakinta, ta miƙa masa hannun hagu. Ya riƙe, ya kai kusa da ido, ya shafa ɗan tsiron nan da babban yatsansa. Ya daɗe yana shafawa.

Ya ce, "Ashe mace ce."

Ta ce, "Mace ce, Baba."

"To, na sha sukarin sunanki."

Daidai nan ladan ya ɗauki kiran salla, a makare, da sauri kamar wanda aka sake daga ɗauri. Baba ya nemi buta.

Bayan an sauko daga masallaci liman ya dawo, ya tsaya a ƙofa ya ce da ni, "Yanzu an yarda?" Na ce an yarda. Ya rangaɗa sallamar da sai da kaji suka watse. Na ba shi sauran labarin a zaure, ya shiga ya yi addu'a ga mamacin da ya riga haihuwarsa rasuwa. Tsohuwa ta sami motarta. Da za ta fita ta kama haɓata ta ce, "Ke ce marar kunyar?" Na ce ni ce. Ta ce, "Allah shi ƙara."

Goggo ta ba mu labarin cewa da aka gama shuka, tsohuwar ta shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanta, ta dama fura, ta aika gari cewa ubanta ya rasu, tana karɓar gaisuwa. Mutane suka zo, har waɗanda suka saba yi mata gori. Duk wanda ya zauna sai ta gaya masa da ruwan da aka wanke shi.

Baba Tsoho bai kai kaka ba. A ƴan makonnin da suka rage masa ban sake jin ya ce "mu biyu anka ɗauka" ba. In na zo wucewa sai ya ce, "Amarya, zo ki zamna," in zauna, mu yi shiru tare. Kawunmu na Affala kuwa har yau in ya zo sai ya tsaya nesa da ƙofa ya ce, "Ana sallama yau?"

Ban canza hali ba, kada in yi muku ƙarya. Har yanzu ina katse mutane, har yanzu ina cewa a taƙaita. Amma na koyi abu guda a zauren nan. Tsohon da ke maimaita magana ɗaya kullum, wataƙila ba ruɗewa ya yi ba, kaya ne a kansa yake neman inda zai sauke, mu kuma muna tare shi da gaisuwa da dariya a rabin hanya. Shekara da shekaru muna girmama Baba, muna durƙusa masa, ba mu taɓa barinsa ya kai ƙarshe ba. Yanzu in na ji wani dattijo ya ɗauko daga farko, nakan duba ƙofa, in kama bakin mayafina.